INA KANTIN YA KE? YADDA A KE BIN SAWUN TSOHON KANTIN GWANJO

A cikin abubuwan da ɗan Adam ya ke kafawa a bayan ƙasa da wuya a sami wanda ya fi rumfar kasuwa saurin ɓacewa. Masallaci ya kan shekara ɗari a wurinsa, ƙofar gari ko ta rushe sunanta ba ya tashi, kabari ma a kan sa masa alama. Amma rumfar da mutum ya zauna shekara talatin yana ciniki, ya yi aure da ribarta, ya biya haraji, ya sa 'ya'yansa makaranta, watakila har ya sauke farali, ran da aka ta da kasuwa ko wuta ta kama, shi ke nan. Bayan 'yan shekaru, ko shi mai ita aka kawo aka ce ya nuna inda ya zauna, sai ya tsaya yana waige-waige. Balle kuwa in rumfar ta ɗan gwanjo ce, wanda galibi ba ya kafa allo da sunansa, ba ya buga talla a jarida, ba ya ajiye littafin lissafi sai na cikin kansa.

Wani ya ce, to, mene ne amfanin neman wurin da babu shi? Amfaninsa uku ne. Na fari, gado. Sau da yawa mutum ya kan rasu ya bar wa magada magana cewa yana da rumfa a kasuwa kaza, wane yana riƙe da ita amana, ko kuwa yana bin maƙwabcinsa bashin dila biyu. In ba a san wurin ba, ba a san maƙwabcin ba, hakkin marayu ya salwanta. Na biyu, sa'ad da hukuma ta rushe kasuwa don ta sake gini, wanda ya iya nuna inda rumfarsa ta ke da takarda da shaidu shi ke da bakin magana wajen rabon sababbi. Na uku, tarihi. Sarakuna da yaƙe-yaƙe sun sami masu rubuta su, amma labarin yadda talaka ya sami rigar sanyi da sule biyu ba wanda ya rubuta, masu saninsa kuwa kullum raguwa su ke yi. Sabo da haka za mu bayyana hanyar da a ke bi, mu ɗauki 'yan gwanjon Kaduna su zama mana misali, don kasuwarsu ta yi ƙaura ta kuma sha rushewa a cikin zamanin mutanen da ke raye yanzu.

ASALIN SANA'AR

Kafin a nemi kanti ya kamata a san sana'ar, don kowace sana'a da irin sawun da ta ke bari. Sayar da tufafin da aka riga aka sa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai kwance, watau rigar da mai ita ya sa ya gaji, ko bukata ta kama shi, ya ba dillali ya kai kasuwa ya sayar ya ɗauki la'adarsa. Mata kuwa dillaliya ke bi gida gida da zannuwansu a ƙunshe. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a cikin mulkinsa, tsakanin 1463 da 1499, ta shahara da dillalan tufafi. Baturen nan matafiyi Kyaftin Clapperton, da ya sauka Kano a 1824, ya rubuta cewa Sarkin Kasuwa ke ba da hayar rumfuna wata wata, kuɗin yana shiga taskar Sarki. Ya kuma ce a kan rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda ko an kai Barno aka kwance aka ga aibi, sai a komo da ita, dillali ya nemo mai kaya, a mayar wa mai saye da kuɗinsa. Ka ga ashe kakanninmu sun san amfanin barin sawu a cikin ciniki.

Gwanjo kuwa daga baya ya zo. Kalmar daga bakin Yarabawa aka aro ta, ma'anarta ta fari ita ce cinikin nan da a ke tara jama'a a ɗaga kaya, kowa ya taya, wanda ya fi tsada ya ɗauka. Da ya ke tsofaffin kaya aka fi sayarwa ta wannan hanya, sai sunan ya bi tufafin Turai da aka sa aka tuɓe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, rarar kayan soja, kamar su barguna da kwat da wandunan kaki, ta bazu a kasuwanni. Daga nan fatake na Kudu suka shiga kawo tufafin a ɗaure cikin dila ta jirgin ruwa, shi ya sa mutanen can su ke kiransu da sunan Okirika, wani gari na bakin ruwa kusa da Fatakwal. Jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, shi ya riƙa hauro da su Arewa. A cikin shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da su don ta kare masaƙun gida, sai kayan suka koma sauka a Kwatano da Lome, suna shigowa ta kan iyaka. Wannan ya shafi mai bincike ƙwarai, gama kayan da suka biyo ta bayan gida ba su barin takardar kwastan. Sabo da haka kada a ɓata lokaci wajen neman sawun kayan. Sawun mutumin da na wurin za a bi.

KASUWA MAI ƘAURA

Abu na fari da mai nema zai tambayi kansa shi ne, kasuwar da na ke gani yau ita ce ta wancan zamani? A Kaduna amsa ita ce a'a. A farkon shekarun 1970, zamanin da Abba Kyari ya ke Gwamnan soja na Jihar Arewa ta Tsakiya, aka ta da 'yan kasuwa daga Babbar Kasuwa don a sake gininta, aka kai waɗansu wani fili a Tudun Wada. Wurin ya yi wa masu saye nisa, ciniki ya yi wuya, har a ka ce 'yan kasuwa sai su shimfiɗa kaya su yi ta barci. Daga nan sunan Kasuwar Barci ya bi ta. Da aka gama gini waɗansu suka koma, waɗansu suka zauna, sannu a hankali kasuwar da aka yi wa ba'a ta zama matattarar 'yan gwanjo da teloli, mutane suna zuwa daga garuruwa masu nisa suna sari. A 2020, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, aka rushe ta aka yi sabon gini a wurin. Ita kuwa Babbar Kasuwa an sa mata sunan Shehu Abubakar Gumi bayan rasuwarsa a 1992.

To, a ce wani saurayi ya buɗe akwatin mahaifinsa marigayi, ya tarar da rasit na kuɗin rumfa da wani tsohon hoto, ya kuma tuna tsohon ya kan ce rumfarsa tana layin 'yan gwanjo, kusa da famfo. In ya tashi ya nufi Kasuwar Barci kai tsaye, don ita ce kasuwar gwanjon da ya buɗe ido ya sani, mai yiwuwa ne ya yi kwanaki yana neman abin da bai taɓa zama can ba. Watakila tsohon a Babbar Kasuwa ta da ya fara, watakila kuma ya zauna duka biyu. Abin da zai raba gardama shi ne a san shekarar da a ke magana a kanta.

Wannan ba a Kaduna kaɗai ya ke ba. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, 'yan kasuwarta suka watsu cikin gari. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi mummunar gobara a watan Maris na 2016. Kantamanto ta birnin Ankara, wadda tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na Afirka ta Yamma, wuta ta cinye sashe babba nata a farkon Janairu na 2025. Bayan ko wace gobara a kan ja sababbin layuka, a ba da sababbin lambobi, lamba 40 ta yau ba ita ce lamba 40 ta jiya ba.

TAKARDA TA FAƊI SHEKARUNTA

Ko rasit ya tsufa kwanan wata ya goge, yana da hanyoyin da zai faɗi shekarunsa. A duba kuɗin da aka rubuta. In fam ne da sule da kwabo, to kafin 1 ga Janairu 1973 ne, ran da Naira ta fito. Rasit ɗin saurayin nan in da sule aka rubuta shi, hankali ya fi karkata ga tsohuwar Babbar Kasuwa. In da Naira ne, sai a ƙara dubawa. A duba hatimi da kan takarda. In sunan Jihar Arewa ne baki ɗaya, kafin Mayu 1967 ne, lokacin da aka raba ƙasa jihohi 12. In an ga Jihar Arewa ta Tsakiya, tsakanin 1967 da 1976 ne, don a 1976 aka mai da sunanta Jihar Kaduna. Takarda mai hatimin En'e ba za ta wuce 1976 ba, shekarar da aka yi gyaran ƙananan hukumomi. Game da Kaduna kuma akwai wani abin lura, watau sai a 1956 aka yanke ta daga ƙasar Zazzau aka ba ta hukumarta, sabo da haka abin da ya shafi unguwannin talakawa kafin wannan shekara a cikin takardun Lardin Zariya ya kamata a fara nemansa.

Hoto ma haka. In mota ta fito a ciki, a duba hannun da ta ke bi. In hagu ta ke bi, kafin 2 ga Afrilu 1972 ne, ran da aka koma tuƙi ta dama. A duba inuwa, don ita ke nuna inda rumfa ta fuskanta. Da hantsi inuwa yamma ta ke faɗuwa, da la'asar gabas. Da tsakar rana kuwa, a Kaduna da Zariya da Kano, inuwa arewa ta ke karkata lokacin ɗari, amma daga wajen watan Mayu zuwa Yuli sai ta ɗan karkata kudu, don rana ta haura arewa da mu. In mutanen da ke cikin hoton sun sha rigunan sanyi, ga hazo, an san lokacin ɗari ne, an kuwa san inda arewa ta ke. Sa'an nan a duba bayan hoto, gama masu ɗaukar hoto na da su kan buga hatiminsu da sunan titin da su ke.

SUNA YANA RUƊI

Sunan titi abin taimako ne, amma kada a amince masa ido rufe. Babban titin da ya ratsa ta gefen Babbar Kasuwar Kaduna, wanda a ke kira Ahmadu Bello Way, a zamanin Turawa Prince Edward's Way a ke ce masa. A Ikko an taɓa sake wa Broad Street suna aka ce Yakubu Gowon Street, daga baya aka mayar masa da sunansa na fari. Wanda ya ga ɗaya daga sunayen nan a kan takarda ya sami shaidar zamani, amma wanda ya neme shi a taswirar yau zai ce babu shi.

Abin da ya fi wannan ruɗi shi ne suna ya tashi daga wani titi ya sauka kan wani. A Landan ta Ingila akwai wani titi Monmouth Street wanda ya yi suna wajen sayar da tsofaffin tufafi, har marubucin nan Charles Dickens ya yi rubutu a kansa a 1836. Daga baya aka sake masa suna aka ce Dudley Street, sa'an nan da aka yanka babban titin Shaftesbury Avenue, wanda aka buɗe a 1886, sai ya haɗiye shi. A cikin shekarun 1930 aka ɗauki sunan Monmouth Street aka ba wani titi dabam da ke nan kusa. Baƙon da ya je yau ya tsaya ƙarƙashin allon sunan yana cewa ga inda kantunan su ke, ya yi kuskure, ko da ya ke allon bai yi masa ƙarya ba. Haka kuma titin da a ke kira Petticoat Lane, wata tsohuwar kasuwar tufafi a gabashin birnin, tun wajen 1830 hukuma ta sa masa Middlesex Street, amma bakin jama'a ya ƙi sakin sunan da. Mu ma haka mu ke. Akwai sunan hukuma, akwai sunan jama'a. Layin 'yan gwanjo ba ya cikin taswirar kowa, yana kuwa bin 'yan gwanjo duk inda suka koma.

BAKIN DATTAWA

Da tsohuwar zuma a ke magani. In an san zamani, sai a nemi mutanen zamanin. A fara da Sarkin Kasuwa da shugabannin ƙungiyar 'yan gwanjo, su za su nuna wanda ya fi daɗewa. Kada a tsaya kan 'yan kasuwa kaɗai. Telan da ke rage wa masu saye wando, da mai guga, da mai shayi, da ɗan dako, da mai gadi, da ladanin masallacin kasuwa, sau da yawa sun fi attajirai tuna wa ke zaune kusa da wa, don su ne masu zagawa.

Tambaya kuwa tana da ladabi. A tafi da goro, a gaisa a natse, a faɗi ko ɗan wane ne, kada a fito da takarda da alƙalami tun ba a zauna ba, don mutanen kasuwa in sun ga rubutu haraji ke faɗo musu a rai. A nemi mutum da laƙabinsa, gama a kasuwa da wuya a san mutum da sunan yanka, sai dai da garinsu, ko kamanninsa, ko irin kayan da ya ke sayarwa. Kada a sa wa dattijo amsa a baki. In ka ce, "Baba, ba kusa da famfo ya ke ba?" kunya za ta sa ya ce maka nan ne. Abin da ya fi sai ka ce, "Baba, in kun fito daga rumfarku za ku masallaci, wa da wa ku ke wucewa?" Sai ka ji ya jero su ɗaya bayan ɗaya kamar yana gani. Kada kuma a tambaye shi shekara da lamba. A tambaye shi da abin da ya faru: kafin zuwan Sarauniya ne, watau 1956, ko bayansa? Sardauna yana da rai, watau kafin 15 ga Janairu 1966? Lokacin yaƙin basasa ne, 1967 zuwa 1970? An yi canjin kuɗi? An yi babban hawan daba na Kaduna na 1977? Da haka za a matse zamanin har ya komo shekara biyu ko uku.

Akwai wata dabara game da salla. Alƙiblarmu gabas ce ta ɗan karkata arewa. In dattijo ya ce sa'ad da su ke sahu rumfar tana hannun hagunsu, to tana arewa da masallaci ke nan, in dama ce tana kudu. Mutum ya kan manta lambar rumfa, amma da wuya ya manta inda ya ke juyawa in ya sallame. Sharaɗi ɗaya, a tambayi ko wane shi kaɗai. In an tara su wuri guda, ƙarami ba zai musa wa babba ba, sai ka fita da shaida ɗaya kana tsammani uku gare ka.

ƊAKUNAN AJIYAR TAKARDU

Bayan baki sai rubutu. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1954 bisa jagorancin Dokta Kenneth Dike, tana da reshe a Kaduna inda aka tara takardun lardunan Arewa, ko wane lardi a ware. Akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar wurin binciken tarihi, yana kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Mutanen Kano suna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiharsu. Mai zuwa wuraren nan kada ya ce a ba shi fayil ɗin wane ɗan gwanjo, babu shi. Abin da zai nema shi ne takardun kasuwa: shawarar ta da ita ko faɗaɗa ta, da ƙa'idodin kuɗin rumfa, da koke-koken 'yan kasuwa. Takardar koke tana da daraja ƙwarai, don a ƙarshenta a kan jera sunayen masu kuka da sa hannunsu ko dangwalen yatsa.

Littattafan haraji su kan nuna sunan magidanci da unguwarsa, amma a tuna a Kano da Kaduna Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a 1979. Littattafan alƙalai na rabon gado su ma abin dubawa ne, don a kan lissafta abin da mamaci ya bari kafin a fid da ushira, da wanda ya ke bi da wanda ke binsa. Na da can da Larabci aka rubuta su, sai a tafi da malamin da ya iya karanta hannun mutanen da. Tsofaffin jaridu, kamar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da New Nigerian da ta fara a 1966, ba su kawo sunan ƙaramin ɗan kasuwa, amma su kan kawo labarin gobara da na ƙaurar kasuwa da kwanan watansu.

Sa'an nan taswira. Game da Kaduna akwai babban binciken da Max Lock da abokan aikinsa suka yi wa Gwamnatin Arewa, aka buga a 1967, cike da taswirori na garin yadda ya ke a lokacin. Game da Kano akwai tsarin shekara ashirin na Trevallion, na 1963 zuwa 1983. Abin da ya shafi shekarun baya-bayan nan kuwa ya yi sauƙi, gama manhajar Google Earth ta kan kwamfuta tana ajiye tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama, mutum ya iya komawa baya ya ga rufin layukan Kasuwar Barci yadda su ke kafin 2020.

AWO A FILI

Yanzu sai a haɗa abin da aka ji da abin da aka gani. A nemi abubuwan da ba su ƙaura: hanyar jirgi, da gada, da kwalbati, da mararraba, da harsashin tsohon masallaci, da babbar itaciya in ta tsira. Famfo da turken wuta ba abin dogara ba ne, a kan ciccire su. A sami biyu ko uku waɗanda ke cikin tsohuwar taswira suna kuma nan har yau, a daidaita tsohuwa da sabuwa a kansu. A lura tsofaffin taswirori da ƙafa aka auna su, sababbi da mita, mita ɗaya kuwa ƙafa uku ce da inci uku da 'yan kai.

Malaman lissafi za su gane sauran. In shaida ya ce daga rumfa zuwa ƙofar masallaci taki sittin ne, takin babban mutum kuwa wajen ƙafa biyu da rabi ne, an sami ƙafa 150. A kafa tsinin kamfas a kan masallaci a zana da'ira gwargwadon ma'aunin taswira. In wani ya ce daga rumfa zuwa kwalbati taki arba'in ne, ƙafa 100 ke nan, a zana ta biyu. Da'irorin nan za su gamu a wuri biyu. Maganar hagu da dama ta wajen salla, ko inuwar hoto, ita za ta zaɓi ɗaya. Ba za a sami daidai wurin da tabarmarsa ta ke ba, amma za a sami fili kamar faɗin ɗaki biyu ko uku, wanda ya isa a san layi da maƙwabta. Daga nan sai a ɗauko dattijon a kawo shi ya tsaya a wurin, don gani ya kori ji, sau da yawa kuwa tsayuwar ta kan tuna masa abin da bai faɗa ba a zaure.

SAMUN WURI BA SAMUN MALLAKA BA NE

Wajibi ne mu ja kunnen magada a nan, kada murna ta kai su ga rigima. Tun zamanin da Clapperton ya gani, ƙasar kasuwa ta hukuma ce, ɗan kasuwa haya ya ke yi. Dokar ƙasa ta Arewa ta 1962 da dokar amfani da ƙasa ta 1978 ba su mai da rasit ɗin kuɗin rumfa ya zama takardar mallakar fuloti ba. Abin da rasit ya ke tabbatarwa shi ne wane ya zauna nan a shekara kaza da yardar hukuma. Wannan yana da amfani wajen bin bashi, da karɓar amana, da neman a sa suna cikin rabo, amma ba ya ba kowa ikon ya je ya ta da wanda ya tarar. Har wa yau malaman Malikiyya sun yi bayanin hauzi, watau in bare ya riƙe wuri shekara goma yana aiki da shi kamar nasa, mai da'awa yana gari yana gani, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, to ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo, maraya ƙarami da wanda ba ya gari kuma suna da nasu hukunci. Sabo da haka wanda ya gama bincike ya ga yana da hakki, ya kai abin da ya tara gaban alƙali ko hukumar kasuwa, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Saura kira ga ma'aikata. Malaman ofis, ku ne masu riƙon littattafan rumfuna. Littafin da ya cika kada a jefa shi bayan kabad gara ta ci, a rubuta shekara a bangonsa a miƙa ma'ajiya. Duk sa'ad da za a ta da kasuwa, a zana layukanta, a rubuta sunan mai ko wace rumfa da lambarsa ta da da sabuwa a shafi guda, a ajiye kofe a wani gini dabam don tsoron gobara. Aikin kwana uku ne, amma zai kashe shari'ar shekara goma. Tsofaffin ma'aikatan En'e da Allah ya ja kwanansu, ku faɗa wa na baya inda aka kai littattafan da kuka riƙe, don ba mai sani sai ku. Malaman makaranta kuwa, ga darasi a ƙofar gida wanda ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da lissafi. A raba yara uku uku, ko wace ƙungiya ta sami dattijo ɗaya a kasuwar garinku, su rubuto layin da ya zauna da maƙwabtansa na dama da na hagu, a haɗa a zana taswira a manna a bangon aji, a aika wa hukumar kasuwa da kofe. Waɗanda suka yi ciniki da sule a Babbar Kasuwar Kaduna suna samari, yau ƙaraminsu ya ba saba'in baya ko ya kusa, sabo da haka aikin na bana ne, kada a bar shi sai baɗi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe amanar na baya, amin.